Albashi, Bashi da Lifta: Abin da Doka ta Tanadar wa Maras Lafiya

Duk wanda aka turo daga Baure zuwa asibitin koyarwa ya san ba ciwo kaɗai yake ɗaukowa a mota ba. Tun kafin a wuce Zango a kai Daura, tunani ya riga ya rabu. In ma'aikaci ne, yana tunanin ko za a yanke masa albashi saboda kwanakin da zai yi a kwance. In manomi ne ko ɗan kasuwa, yana lissafin wanda zai ranta masa kuɗin magani da yadda zai biya. Idan kuma aka iso, sai ga dogon bene, a ce masa ya shiga lifta, abin da watakila bai taɓa shiga ba.

A kan waɗannan abubuwa uku akwai dokoki, wasu tsofaffi, wasu kuma an sauya su a 'yan shekarun nan. Sai dai doka ba ta bin mutum gida. Wanda ya san ta, ya kuma riƙe takardarsa, shi ke cin moriyarta.

Hutun rashin lafiya da albashi

Sha'anin ƙwadago a Nijeriya yana hannun gwamnatin tarayya, don haka doka ɗaya ce ke aiki a Baure, da Katsina, da Legas. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta tun 1974 ne, ta ce a sashe na 16 ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi ladansa har na kwanakin aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ya hana shi zuwa aiki. Sharaɗin shi ne likita mai rajista ya tabbatar da ciwon a rubuce. Haka kuma mai aikin yana da damar ya ce likitan da shi ya zaɓa ya duba ma'aikacin, kuma dole ma'aikacin ya amince.

A nan ne da yawa suke yin asara. Mutum zai yi mako guda a gadon asibiti, a sallame shi, ya kama hanyar gida cikin murna, sai ya je wurin aiki a tambaye shi takarda. Katin ganin likita da rasidin magani ba su ne takardar ba. Kafin ka bar asibiti, ka gaya wa likitanka kana buƙatar takardar hutun rashin lafiya, ka duba ka ga sunanka daidai, da ranar da aka kwantar da kai, da ranar sallama, da kwanakin hutun da aka ba ka, da sa hannu da hatimi. Ka yi hotonta ka ajiye kafin ka miƙa ta. In ciwon ya zo ba shiri, ɗan'uwa ya sanar da wurin aikinka tun ranar farko.

Wannan sashe ya fi shafar leburori, da ƙananan ma'aikatan ofis, da masu aikin hannu. Manyan ma'aikata da ƙwararru takardar ɗaukarsu aiki ce ke fayyace hutunsu, ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu ƙa'idojin, inda ake kai doguwar jinya gaban kwamitin likitoci.

Ga mata, sashe na 54 ya ba mai ciki hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata 6 tana aikin. Ba a yarda a sallame ta daga aiki a cikin wannan hutu ba. Idan ta koma, tana da rabin awa sau biyu a rana domin shayar da jariri.

Idan kuma a bakin aiki aka ji rauni, ko a hanyar zuwa da dawowa, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ce ke aiki. Mai aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, kuma ba a cire wannan daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Wanda aka tauye masa haƙƙi yana iya kai kuka ofishin ƙwadago na tarayya da ke Katsina, in ta ƙi ci a je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Wanda ba shi da albashi fa?

Gaskiyar magana ita ce yawancin mutanen Baure da Babban Mutum da ƙauyukan da ke kewaye manoma ne, da makiyaya, da 'yan kasuwa. Babu mai biyansu kwana 12. Idan ciwo ya kwantar da magidanci a tsakiyar damina, gona ce ke biyan kuɗin. A gare su abin dogaro shi ne a yi tanadi tun ana lafiya. A 2022 an sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1999, ta wajabta inshorar ga kowa, ta kuma tanadi asusu domin masu ƙaramin ƙarfi. Jihar Katsina ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KATSCHMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Ka tambayi jami'in asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku yadda ake rajista. Yin hakan ya fi sayar da sa ko jinginar da gona a ranar da ido ya raina fata.

Bashin jinya

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma jinya tana daga cikin abubuwan da suka fi jefa mutane a ciki. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Wannan ba ya nufin magani ya zama kyauta. Ana ceton rai ne tukuna, lissafi ya biyo baya. Wanda ya ga kuɗin ya fi ƙarfinsa, ya je sashen kula da jin daɗin marasa lafiya tun da wuri, kada ya jira ranar sallama.

Abu na biyu, bashi ba laifi ba ne da za a kulle mutum a kansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce a sashe na 32 ba za a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko wata rigimar da ba ta aikata laifi ba, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani. Saboda haka ba daidai ba ne a tsare ɗa ko mata don maigida yana kwance bai biya bashi ba. Hanyar mai bin bashi ita ce sulhu a gaban dattawa ko mai unguwa, in ya gagara sai kotun shari'a ko ta majistare. Amma a lura, wanda ya karɓi kuɗi ta hanyar zamba, ko ya ba da cek alhali ya san babu kuɗi a asusunsa, wannan ya shiga laifi. Kuma doka ba ta yafe wa kowa bashi ba. Ka rubuta abin da ka karɓa da ranar biya, a gaban shaidu, ko da tsakanin 'yan'uwa ne.

Abu na uku shi ne bashin waya. Akwai manhajojin da ke ba da rance cikin mintuna, da ruwa mai yawa da wa'adi gajere, idan aka makara su aika wa duk lambobin da ke cikin wayar mutum saƙon cin mutunci. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fara tilasta musu rajista a 2022, ta kuma fitar da cikakkun ƙa'idoji a 2025. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane, a shekarar ce kuma aka yi dokar kare bayanan jama'a. Wanda aka yi wa barazana ya adana saƙonnin, ya kai ƙara hukumar. Mafi alheri dai, kada ruɗewar jinya ta sa ka danna amincewa kafin ka san nawa za ka biya gaba ɗaya.

Lifta

Lifta, wato na'urar hawa bene, rahama ce ga wanda ke kan keken marasa lafiya ko gadon turawa. Igiyoyin ƙarfe da yawa ne ke riƙe da ita, tana kuma da birkin da ke kama ta idan gudunta ya wuce ƙima. Irin wannan birki Elisha Otis ya nuna wa jama'a a birnin New York na Amurka tun 1854. Amma duk na'urar da ba a kula da ita tana cin amana. A ranar 1 ga Agusta, 2023, lifta ta faɗo da wata matashiyar likita a gidan kwanan likitoci na Babban Asibitin Odan da ke Legas, ta rasu. Abokan aikinta sun ce sun daɗe suna koke a kan na'urar. Likitoci sun yi yajin aiki, gwamnatin jihar ta kori masu kula da ginin.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta ce a riƙa bincikar lifta aƙalla sau ɗaya a duk wata 6, a 2018 kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan na'urorin ɗaga kaya da mutane. Wannan aikin masu gini ne. Ga naka:

1. Ka duba adadin mutanen da aka rubuta a ciki, kada a wuce shi.
2. Ka tabbata ƙasan liftar ya yi daidai da daɓe kafin ka taka, musamman da tsoho ko mai keke.
3. Ka riƙe hannun yaro, ka tattare babbar riga ko mayafi daga bakin ƙofa.
4. Idan ta tsaya saboda ɗaukewar wuta, ka danna ƙararrawa ka jira. Iska ba ta ƙarewa a ciki. Kada ka ɓalle ƙofa ko ka yi ƙoƙarin fita da kanka, domin a nan haɗarin yake.
5. Idan gobara ta tashi, a bi matakala.
6. Idan ka ji tana girgiza ko tana wata ƙara, ka gaya wa ma'aikacin jinya ko mai gadi nan take, kada ka ce wani zai faɗa.

Kafin ka kama hanyar gida

Ranar sallama, ka tsaya ka duba jakarka: takardar hutu, da rasidai, da katin ranar dawowa, da takardar duk wani rance da ka ci. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, domin rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam a Katsina. In ka koma Baure, ka karanta wa maƙwabcinka wannan shafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.