Yadda na kusa ɓata rawanin Malam a Photoshop

Hoton marigayi Malam ɗaya ne tal a hannunmu. Da waya aka ɗauke shi, yana zaune a gaban wani tsagaggen bango, ga buta a gefe. Da walimar saukar karatu ta matso a makarantarmu da ke zangon Kumasi, kwamiti ya ce a cire bangon a sa hoton a babbar bana. Aka miƙo mini aikin, wai ni ne ɗan kwamfuta. Alhali abin da na koyo a kwalejin horar da malamai bai wuce buga takardar jarrabawa ba.

Na buɗe Photoshop, na ɗauki magogi na shiga goge bango. Hannu ya zame na cinye gefen rawani, ban lura ba sai da na adana a kan asalin hoton. Allah Ya rufa asiri, akwai kwafi a wayar ɗan Malam.

Mai buga banar ne ya ce da ni, "Malam, ai ba gogewa ake yi ba, rufewa ake yi." Ya nuna mini marufin bekta. Za ka danna P ka ɗauki alƙalami, ka bi gefen mutum kana kafa ɗigo, layi yana haɗa su. Idan ka zagayo ka mai da layin marufi, duk abin da ke waje ya ɓuya, amma yana nan.

Daɗin abin yana wajen gyara. Danna A, ka zaɓi farar kibiya, ka taɓa ɗigon da ya kauce ka ja shi. Kowane ɗigon lanƙwasa yana da hannuwa biyu da ake karkatar da layin da su. Da irin wannan lissafin Pierre Bézier ya zana jikin motocin Renault a Faransa a shekarun 1960. Kuskurena shi ne yawan ɗigo. Na kafa kusan talatin a rawani, ya fito kamar bakin zarto. Da na rage su zuwa takwas sai ya kwanta lafiya lau.

Gefen marufin ba ya farfashewa komai girman bana, don lissafi ne. Hoton kansa kuwa, idan ƙarami ne, dole ya dushe. Gemu ma ya fi ƙarfin alƙalami, sai da na ƙara marufi na biyu na bi shi da burushi mai laushi.

Ana gobe walima ɗan Malam ya zo dubawa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ina carbin Baba?" Ashe na rufe shi tare da buta. Na ja ɗigo uku ƙasa, carbi ya dawo hannunsa.