Windows 10 ta tsaya: wane Linux ya dace da kwamfutarka?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai gyaran tsaro na yau da kullum ya yanke. Windows 11 kuwa tana neman na'ura ta baya-bayan nan. Da yawa daga laftof 'yan gwanjo da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ke ɗauke da su, da waɗanda ke shagunan buga takardu a Ƙofar Marusa, ba su cika wannan sharaɗi ba. Lafiyarsu lau, kuma asara ce a jingine su.

A nan Linux ke da amfani. Babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991. Kyauta ce, kowa na da ikon duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba. Saboda haka ta rabu kashi ɗaruruwa: ƙullu ɗaya ne, kowa da irin wainar da ya toya. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan Linux aka gina ta.

Cikin nau'o'in Linux, Ubuntu ce ta fi suna. Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da ita a 2004, a kan tubalin Debian da ke nan tun 1993. Duk shekara biyu, a watan Afrilu, tana sakin nau'in da ake kula da shi shekara biyar. Amma tana da nauyi. Sauke Ubuntu 24.04 na cin kusan GB 6 na data, kuma a laftof mai ram 4 za ka ji tana jan ƙafa. Fuskarta ma baƙuwa ce ga wanda ya saba da Windows.

Linux Mint, wadda Clément Lefebvre ya fara a 2006, daga jikin Ubuntu aka cire ta. Maɓallin menu na ƙasa a hagu, agogo a dama, inda idonka ya saba ganinsu. Saukewarta ba ta kai GB 3 ba, kuma Mint 22 na da tallafi har 2029. Ga sabon shiga, ita nake ba da shawara ba tare da shakka ba. In na'urar ta tsufa sosai, ram ɗinta 2, a nemi Mint mai fuskar Xfce ko kuwa Lubuntu.

Fedora kyakkyawa ce, amma sabon nau'i take fitarwa duk wata shida, sabuntawarta kuma na lashe data. Arch ta gwanaye ce, bar musu.

Game da farin jini, kada jadawalin DistroWatch ya ruɗe ka. Yawan masu leƙa shafin kowace manhaja yake ƙirgawa, ba masu amfani da ita ba. Farin jinin da zai amfane ka shi ne wanda za ka gani ranar da firinta ta ƙi aiki ko wayifai ya ɓace: akwai wanda ya san maganin? Mint na cin riba biyu a nan, domin kusan duk gyaran da aka rubuta don Ubuntu yana yi mata aiki. Kafin ka ɗora, tambayi mai gyaran kwamfutarka wanne ya taɓa riƙewa. Amsarsa ta fi kowane jadawali nauyi. Najeriya ta taɓa ganin yadda mai tallafa wa manhaja ke ɓacewa: a 2007 an yi cinikin kwamfutocin makaranta 17,000 masu ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa, amma kamfanin ya rufe tun 2015.

Dole a faɗi inda Linux ke gazawa. Mai shagon da ke cin abinci da CorelDRAW, yana zana katin biki da allon talla, ba zai same ta a Linux ba. Akwai Inkscape, amma sai ya sake koyo, aikin kwastoma kuwa ba ya jira. Shi ya bar kwamfutar aikinsa yadda take tukuna. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, sai dai wani lokaci tsarin shafi kan ɗan goce, don haka ɗalibi ya mayar da furojet ɗinsa PDF kafin ya kai bugu. Mai rubutun Hausa kuwa zai samu allon haruffa na Hausa a cikin saituna, da ƙ da ɗ da ɓ.

Gwaji ba ya buƙatar goge komai. Filashi mai GB 8 ya isa: a ɗora Mint a kai, a tada kwamfuta daga gare shi, a gwada wayifai da sauti da firinta. In sun yi, kafin ka ɗora ta a kwamfutar, kwafe fayilolinka zuwa wani wuri, ka tabbata batiri a cike yake ko akwai janareto, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗorawa na iya sa a sake aikin daga farko.