LISSAFIN DA KE ƘIDAYA HUJI

Yawancinmu mun ɗauka iyakar lissafi tarawa ne da ɗebewa, irin na akawu a littafin kuɗi. Yau za mu kawo wa masu karatu labarin wani reshensa mai suna homoloji, wanda aikinsa ƙidayar huji. Wani Bafaranshe, Henri Poincaré, ya kafa tushensa cikin 1895. Zobe yana da huji guda, faifai ba shi da ko ɗaya, kuma kome aka lanƙwasa su, muddin ba a yaga ba, adadin ba ya sakewa.

To, masana suna da jadawalin lambobi waɗanda a kan tara, a kuma riɓanya da juna, taronsu shi a ke kira aljabara. Kowane gurbi a jadawalin kamar hanya ce daga wata tasha zuwa wata. A wata aljabarar kowace hanya tana da ta komowa. Cikin 1960 kuwa Kadison da Singer na Amurka suka buɗe binciken wadda hanyoyinta na zuwa ne kaɗai.

Ga misali. A ɗauki tashoshi huɗu, biyu na tashi, biyu na sauka, kowace ta tashi tana da hanya zuwa kowace ta sauka. Hanyoyin nan huɗu sun yi zobe. A sa wa kowace hanya kuɗin mota, sa'an nan a nemi a ba kowace tasha lamba, yadda kuɗin hanya zai zama bambancin lambobin tashoshinta biyu. Hanyoyi uku za su daidaita ko nawa aka sa musu, amma ta huɗu sai an yi dace. Wannan saɓanin shi ne hujin.

In an yarda da komowa, kowace tasha ta sadu da kowace, kuma ƙa'idar ita ce kuɗin zango biyu ya yi daidai da na tafiya kai tsaye. Nan take kuɗin duka su zama bambancin lambobi, huji ya toshe. Watau wanda ya ƙi kula da inda hanya ta fuskanta ya yi asarar labarin gaba ɗaya.

Ba kowace mai hanya guda ke da huji ba. Ringrose na Ingila ya bayyana waɗanda tashoshinsu ke jere bi da bi cikin 1965, Lance kuwa ya tabbatar cikin 1981 ba su da huji. Cikin 1991 Davidson da Power suka danganta homoloji da sauran, kana Stephen Power na Jami'ar Lancaster ya faɗaɗa aikin, ana amfani da shi a rarrabe aljabaru masu kama da juna.

Muna ba malaman makaranta shawara su zana ɗigo huɗun nan a allo, su bar yara su gwada lambobin da kansu. Yaron da hanya ta huɗu ta gagare shi, ya kuma gane dalili, ya riga ya shiga wannan ilmi.