Abin da ya kamata ku sani game da ranar da naira ta iso Zuru

Ranar Litinin, 1 ga Janairu, 1973, Najeriya ta ajiye fam da sule da tsohon kwabo, ta ɗauki naira. Jaririn da aka haifa a Zuru a wannan rana yau ya haura shekara hamsin, wataƙila ma ya aurar da 'ya. Duk hirar farashin da, wadda dattawa ke yi a majalisa kan buhun dawa ko kuɗin mota zuwa Kontagora, a kan wannan rana take cakuɗewa. Wani yana ƙirga da fam, wani da naira, samarin da ke saurare kuwa sun ɗauka duk ma'auni ɗaya ne. To, ba ɗaya ba ne.

A lokacin babu Jihar Kebbi. Jihohi goma sha biyu ne a ƙasar, Zuru kuma tana cikin Jihar Arewa maso Yamma, wadda Usman Faruk ke mulki daga Sakkwato, kuma a tsohon tsari tare da Kontagora ake lissafa ta, a Lardin Neja. Sai a 1976 ta koma Jihar Sakkwato, a 1991 ta shiga Kebbi. Janar Yakubu Gowon ne shugaban ƙasa, shekara uku bayan gama yaƙin basasa, kwamishinan kuɗi na tarayya kuwa Alhaji Shehu Shagari ne.

Yanzu ga lissafin, domin shi ne mabuɗin komai. A tsohon kuɗi, kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam. Tsakaninsu akwai ɗari, wato rabin kwabo, da taro kwabo uku, da sisi kwabo shida, da nai kwabo tara, da fataka ko dala, sule biyu. Da aka sauya, sai aka ce fam ɗaya naira biyu ne, naira ɗaya sule goma, sule kuma sabon kwabo goma. Sisi ya zama kwabo 5, dala kwabo 20, taro kwabo biyu da rabi. Jaka, wadda take fam ɗari, ta zama naira 200, shi ya sa har yau a kasuwar shanu za ka ji dillali yana maganar jaka alhali kuɗin da ya haifi kalmar ya daɗe a kabari.

Ku lura da wani ɗan wuri da ya shige wa mutane duhu. Suna ɗaya ne, kwabo, amma sabon ya fi tsohon nauyi. Jiya sule ɗaya kwabo goma sha biyu ne, yau goma. Mai ƙosan da ke sayar da ƙwaya ɗaya kwabo, idan ta ci gaba da cewa kwabo da sabon kuɗi, ta ƙara kashi ɗaya cikin biyar ba tare da ta buɗe baki ta ce ta ƙara ba. Mai sule a hannu ya tashi da ƙosai goma maimakon goma sha biyu. Gardama irin wannan ce ta sa jama'a suka riƙe tsofaffin sunayen gam, suka ci gaba da ciniki da sule da sisi shekara da shekaru, suna miƙa sabon kuɗi suna kiran sa da tsohon suna. Ga shi har yanzu wanda aljihunsa ya bushe cewa yake ba shi da ko sisi, wanda ya fi shi talauci ya ce ko anini.

Su kansu sababbin kuɗin suna ba da labarin abin da ƙasar ke taƙama da shi. Rabin kwabo na ɗauke da auduga, kwabo 5 da koko, kwabo 10 da bishiyar kwakwar manja, kwabo 25 da gyaɗa. Kwabo ɗaya kaɗai aka bai wa rijiyar man fetur. Kuɗin takarda huɗu ne: kwabo 50, naira 1, naira 5 da naira 10, an rubuta darajarsu da Hausar ajami, abin da ya taimaki dubban mutanen da ba su yi boko ba. Naira goma ce babbar takarda. 'Yar Murtala, naira 20, ba ta fito ba sai 1977, naira dubu kuwa sai 2005.

Nairar nan tana da ƙarfi, wannan ba tatsuniya ba ce. Naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi. Litar man fetur ba ta kai kwabo 10 ba. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, ƙaramin ma'aikacin gwamnati ya koma naira 60 a wata, fiye da ninkin abin da yake ɗauka a baya. Ku auna da kanku: naira 60 a wancan farashi ta fi lita 600, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 kuwa ba ya sayen lita 100. Idan dattijo ya ce albashinsa na da ya fi na ɗansa albarka, kada a yi masa musu.

Sai dai mutum nawa ne ke da albashin? Nan ne masu hirar suke tsallakewa. A ƙasar Zuru ta wancan lokaci, daga Dabai da Danko zuwa Fakai da Sakaba da Wasagu, masu ɗaukar kuɗi a ƙarshen wata 'yan tsiraru ne: malaman makaranta, ma'aikatan En'e, 'yan sanda, malaman asibiti. Sauran jama'a manoma ne, kuɗi na shiga hannunsu da kaka, in an sayar da gyaɗa ko auduga ko ɗan akuya, kuma kafin ya ɗumama aljihu mai karɓar haraji ya iso. Bafulatani kuma ga jangali. Abu yana iya zama kwabo biyar amma ya gagari magidanci, domin kwabo biyar ɗin ce babu. Arzikin gida a rumbu yake. Hatta aure, a al'adar Dakarkari, wato Lelna, ba da tsabar kuɗi ake kai wa gare shi ba. Golmo ake yi: saurayi da abokansa su yi shekaru, har bakwai bisa al'ada, suna noma gonar surukai. Wannan farashi ne da babu Babban Bankin da zai iya canza shi zuwa naira.

Hanya ɗaya da tsabar kuɗi ke shigowa Zuru fiye da wasu garuruwa masu girmanta ita ce soja. Tun zamanin Turawa ake ɗibar samarin yankin, yaƙin basasa kuma ya kumbura rundunar har ta kai kusan mutum dubu 250. Soja ya aiko da kuɗi ta gidan waya, ko ya zo hutu da rediyo da agogo da keke, a ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cikin ƙananan hafsoshin lokacin akwai 'yan Zuru da suka zama janar daga baya, irin su Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi kafin ya hau sarautar Zuru, da Tanko Ayuba da Ishaya Bamaiyi.

Kada kuma a manta cewa naira ta zo ne cikin fari. Damina ta yi gardama a 1972, ta sake yi a 1973, lamarin ya fi tsanani a Nijar da arewacin Sakkwato da Katsina da Kano da Borno. Dabbobi sun mutu, mutane sun gangaro kudu neman abinci, hatsi ya yi tsada. Zuru ta fi waɗancan wurare ruwan sama, amma kasuwa ba ta san iyaka ba: idan gero ya tashi a Illela, mai sayen dawa a Ribah sai ya ji a jikinsa.

Nishaɗi fa? Ba a maganar talabijin. Kaduna na da tasha tun 1962, amma ba ta kai ko kusa da Zuru ba, mai launi kuwa sai 1975 aka fara ta a Jos. Siliman Indiya sai wanda ya je birni, kamar Kano mai gidajen Palace da Plaza. Abin da ke zuwa ƙauye shi ne majigi, motar gwamnati ta kafa farin ƙyalle a fili, a nuna fim kan tsabta ko noman zamani, yara su yi mako suna ba da labari. Sarkin gida dai rediyo ne mai batir. Gidan Rediyon Kaduna na sako Shata da Ɗankwairo da Ɗan Anace da Ɗan Maraya Jos, ana aika gaisuwa a Zaɓi Sonka, da dare a murɗa a kamo BBC, wadda ta fara Hausa a 1957, ko Muryar Jamus. Muryar Amurka ba ta soma Hausa ba sai 1979. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo na fitowa, mutum ɗaya ya karanta, goma su saurara. Ita ma sunanta tsohon kwabon nan ne, farashinta na 1939. Amma a ganina babban nishaɗin Zuru bai taɓa bi ta waya ko batir ba. Watan Janairu lokacin sanyi ne, an gama girbi, lokacin kokawa da kiɗa da shirye-shiryen bikin Uhola, kuma ba a sayen tikiti.

Labaran da rediyon ya kawo a makonnin nan suna da daɗi da ɗaci. Daga 7 zuwa 18 ga Janairu aka yi Wasannin Afirka karo na biyu a Legas, Najeriya ta ci Gini 2 da 0 ta ɗauki zinaren ƙwallon ƙafa. Kwana huɗu da rufe wasannin, ranar 22 ga wata, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A watan Mayu aka kafa hukumar yi wa ƙasa hidima, a Nuwamba aka yi ƙidayar da Murtala ya soke daga baya. Direbobi kuwa ba su gama sabawa da tuƙi a hannun dama ba, wanda aka koma ranar 2 ga Afrilu, 1972. Cikin wata tara an sauya wa mutane hannun hanya, an sauya musu kuɗin aljihu.

Can ƙetare, wata uku da fitowar naira, ranar 3 ga Afrilu, wani injiniyan kamfanin Motorola mai suna Martin Cooper ya tsaya a titin New York ya buga waya da na'urar da ba ta da igiya, nauyinta ya fi kilo ɗaya. Sai da aka shekara 28 kafin wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya, a 2001. A 1973 mai son magana da ɗansa a barikin Kaduna sai ya nemi ɗan makaranta ya rubuta masa wasiƙa.

Abin da ya fi taɓa nairar kanta ya faru ne a watan Oktoba, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Kuɗi ya malalo wa gwamnati, Udoji ya biyo baya da ariyas na watanni, ma'aikata suka cika kasuwa suna sayen babur da rediyo mai kaset, 'yan kasuwa suka ɗaga farashi a kan kowa, har da manomin da ba a ƙara wa komai ba. Rijiyar man da aka ba kwabo ɗaya ta haɗiye gyaɗar da aka ba kwabo 25.

Saboda haka in kakanku ya ce ya sayi kekensa fam goma sha biyar, ku ninka biyu: naira 30 yake nufi. Sannan ku tambaye shi kaka nawa ya yi yana tara ta.