Ciwon Lalacewar Tsoka: Kulawar Ta Sauko Kusa da Gida

Yaro namiji mai shekara 3 zuwa 5 yana yawan faɗuwa, hawa matakala na ba shi wuya, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyi da cinyoyinsa, ga sha-raɓarsa ta yi kauri kamar mai ƙarfi. A gidaje da yawa sai a ce shan inna ne ko sammu. Alhali waɗannan sanannun alamomi ne na ciwon lalacewar tsoka nau'in Duchenne, wanda ke kama kusan yaro 1 cikin maza 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa.

Ciwon galibi na gado ne, ba a ɗaukarsa daga wani. Jiki ne ke kasa samar da sinadarin da ke kare tsoka, sai ta riƙa zaizayewa sannu a hankali. Yawanci kafin shekara 13 tafiya ta gagara, daga baya ya taɓa zuciya da numfashi. Ta wajen uwa yake bi, amma ba laifinta ba ne, kuma kusan kashi 1 cikin 3 na masu shi ba su gada daga kowa ba.

Har yanzu ba shi da maganin warkewa, amma kulawa na ƙara wa yaro shekaru. Gwajin jini na CK kan nuna alamarsa da wuri. Maganin prednisolone, bisa kulawar likita, yana jinkirta zamansa a keken guragu. Gashin ƙashi yana hana gaɓoɓi sandarewa, duba zuciya a kai a kai kuma yana tare matsala tun tana ƙarama. Sai dai akasarin wannan yana manyan asibitocin birni ne, mahaifin da ke ƙauye kuwa ba zai iya goya ɗan shekara 12 zuwa tasha kowane wata ba.

Don haka iyaye su haɗa kai su nemi abubuwa takamaimai: a horar da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su gane alamomin, kamar yadda aka horar da su gano shan inna har Najeriya ta rabu da nau'insa na asali a 2020, a samar da gwajin CK da mai gashin ƙashi a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, a sa maganin da keken cikin inshorar lafiya.

Wannan haƙƙi ne, ba roƙo ba. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta haramta nuna musu bambanci wajen kiwon lafiya. A kai koken a rubuce ga kwamitin lafiya na mazaɓa, da kansila, da ɗan majalisar jiha, a kuma ci moriyar 7 ga Satumba, ranar ciwon ta duniya, a yi magana a rediyo. Ciwon ba shi da yawa, shi ya sa hukuma ba za ta tuna da masu shi ba sai sun taru sun tuna mata.