Don Me Likitan Gaggawa Ya Hana Ni Allura Mai Ƙarfi?

Kowace damina da kaka, manoman Kusugu da ƙauyukan da ke kewaye da Daura sukan sami kansu a ɗakin gaggawa na asibiti. Wani fartanya ta sare shi, wani ya faɗo daga amalanke, wani ya yi karo a kan babur yana kai gyaɗa kasuwar Mai'aduwa. Ciwo kuwa ba ya jira. Abin da mai rauni yakan fara roƙo shi ne, "Likita, a yi mini allura mai ƙarfi." Idan aka ba shi farasitamol aka sallame shi, sai ya koma gida yana gunaguni, wai an raina shi don shi talaka ne. 'Yan'uwa, sau da yawa likitan nan alheri ya yi masa. Ga dalili.

Wane irin magani ne?

Magungunan ciwo iri biyu ne manya. Akwai masu sauƙi, watau irin su farasitamol da ibufurofen. Akwai kuma masu ƙarfi, dangin mofin: taramadol wanda muke kira taramol, da kodin, da allurar fentazosin da ake yawan yi a asibitocin ƙasarmu. Waɗannan a ƙwaƙwalwa suke aiki. Suna kashe zafin ciwo, amma suna kawo wani irin daɗi da lumshewa, jiki kuma yana saurin sabawa da su. Ƙwaya ɗaya da ta isa a makon farko ba za ta isa a mako na huɗu ba. Ran da mutum ya bari kuwa, sai zufa, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. Daga nan ba don rauni yake sha ba, don gudun wannan wahala ne.

Abin da ya faru a Amurka

Mutanen Amurka sun riga mu shiga wannan rami. Tun wajen 1996 likitocinsu suka riƙa rubuta waɗannan magunguna hannu sake. A shekarar 2017 kaɗai mutum fiye da 47,000 suka mutu saboda su da danginsu. Sai aka koma aka duba inda abin yake farawa, aka ga ɗakin gaggawa yana cikin ƙofofin. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa marasa lafiyar da suka faɗa hannun likita mai yawan rubuta maganin sun fi zarcewa da shansa wata da watanni, a kan waɗanda suka gamu da likita mai taka-tsantsan a asibiti ɗaya.

A birnin New York kuma, aka gwada mutum wajen 400 da suka zo da targaɗe ko karaya ko wani rauni a hannu ko ƙafa. Aka ba waɗansu farasitamol haɗe da ibufurofen, aka ba sauran farasitamol haɗe da magani mai ƙarfi. Bayan awa 2, sauƙin da suka samu kusan ɗaya ne. Asibitoci 10 na jihar Kolorado suka bi irin wannan hanya a 2017, cikin wata 6 suka rage ba da magunguna masu ƙarfi da kashi 36 cikin 100. Ashe yawancin raunuka ba sai da guduma ake kashe musu sauro ba.

Namu halin

Mu a nan damuwarmu ta fi yawa a wajen asibiti. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019 ya ce 'yan Nijeriya wajen miliyan 4.6 ne suke shan taramol da kodin da danginsu ba don magani ba. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da kuma yin sa. Hukumar NAFDAC ta yarda da taramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma a kasuwa akan sami mai 200 da 225. Kowa ya san 'yan ƙwadago da ke jefa shi a shayi don su yi noma yini guda ba gajiya. Gajiyar tana nan, ɓoye ta kawai aka yi. Wanda ya sha da yawa yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko numfashinsa ya yi ƙasa har ya tsaya.

To, a nan asibiti da kasuwa suke haɗuwa. A ce an rubuta wa manomi taramol na mako biyu don targaɗe. Ya ji daɗinsa, ya riƙe sunan. Gobe ba sai ya koma wurin likita ba, mai kemis ko mai tallar magani a kan keke ya ishe shi. Haka ma fentazosin: akwai waɗanda suka fara da allurar asibiti suka ƙare da yi wa kansu, har cinya ta taurare ta yi gyambon da ba ya warkewa. Shi ya sa likita mai lura yakan fara da magani mai sauƙi, ya ɗaure karaya da kyau, ya sa allurar kashe zafi a bakin raunin kaɗai kafin ɗinki. In ya ga tilas ne a ba da mai ƙarfi, sai ya rubuta na 'yan kwanaki kaɗan.

Amma kada a wuce gona da iri

Ba a ce a bar mutum yana kuka ba. Mai mummunar ƙuna, da mai babbar karaya, da mai sikila idan ciwon ya tashi, da mai ciwon daji, suna bukatar magani mai ƙarfi, kuma hakkinsu ne a ba su. Gaskiya ma, a ƙasarmu mofin ƙaranci yake yi a asibitoci, masu bukatarsa da yawa ba sa samu. Abin da ake nema shi ne a ba wanda ya dace, gwargwadon da ya dace, a kuma sa masa ido.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Na ɗaya, wanda ya raka ɗan'uwa asibiti kada ya matsa wa likita ko nas lamba sai an yi allura. Ya tambaya dai: mene ne sunan maganin, kwana nawa za a sha?

Na biyu, a gaya wa likita gaskiya. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki kada su sha ibufurofen sai da izininsa. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 ta farasitamol mai miligiram 500 a yini, domin yana ɓata hanta. Wanda ya riga ya saba da taramol ya faɗa, kada ya ɓoye, kada kuma ya bari farat ɗaya ba da shawarar asibiti ba.

Na uku, ragowar magani ba kyauta ba ce. Kada a ba maƙwabci, a kuma ɓoye ta daga yara.

Na huɗu, idan ciwo bai lafa ba bayan kwana 2 ko 3, ko raunin ya kumbura yana zafi, a koma asibiti, ba kemis ba.

Na biyar, wanda ya fi duka. Manomi mai rauni yakan sha ƙwaya ne don yana tsoron ciyawa ta cinye masa gero. Ƙungiya ta yi masa gayya, a nome masa gonar, shi kuwa ya kwanta ya warke. A taro mai zuwa sakatare ya rubuta sunayen waɗanda za su fita wannan aiki, tun damina ba ta faɗi ba.