MALAMIN MANYA SHI MA YANA BUKATAR MALAMI

Duk wanda ya taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci ya san koya wa babba karatu ba kamar koya wa yaro ba ne. Magidanci ya wuni a gona, ya zo aji da la'asar a gajiye, kuma ba ya so ya yi kuskure gaban ƙanensa ko surukinsa. In malami ya yi masa tsawa sau ɗaya, shi ke nan, gobe ba a ƙara ganinsa. Saboda haka malamin manya yana bukatar horo na musamman, ba kuwa na sau ɗaya ba, don lauje ma sai ana wasa shi ya ke yanka. To, ina dabarar da horon nan zai kai ga malamin da ke zaune a gari kamar Gidan Goga, cikin ƙasar Maradun ta Jihar Zamfara?

Yadda A Ke Yi A Da

Sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar yaƙi da jahilci a farkon shekarun 1950, wanda Alhaji Ahmadu Kumasi ya yi suna wajen shugabancinsa, akan zaɓi wanda ya iya karatu da rubutu a gari, a ba shi ɗan gajeren kos, a miƙa masa allo da alli da littattafai. Daga nan masu duba azuzuwa su riƙa zagayawa suna gyara masa kurakurai. Hukumar NORLA ta Zariya kuwa tana buga ƙananan jaridun larduna don sababbin masu karatu. Ta Lardin Sakkwato, wanda Maradun ke cikinsa a lokacin, ita ce Zaruma. Wato dai ba a sallami malami aka bar shi da halinsa ba.

Yau zagayen nan ya yi wuya. Cikin Fabrairu 1921 ba mu ke magana ba, jiya-jiyan nan ne: a watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Talata Mafara. Cikin Agusta suka faɗa wa makarantar koyon aikin gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba kuma suka ɗebi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. A irin wannan ƙasa, kiran malaman ƙauye su taru a Gusau don kos ba maganar kuɗin mota da masauki kaɗai ba ce, magana ce ta rai. Malamar ajin mata kuwa, da wuya maigidanta ya yarda ta kama hanya.

Tun da malami ba zai iya zuwa wurin kos ba, sai kos ya je wurinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda ke koyar da malaman firamare daga nesa suna kan aikinsu. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne wayar hannu. Babban malami yana iya ɗaukar darasi da muryarsa, na minti biyar, ya nuna yadda a ke fara koyar da wasula, ko yadda a ke bi da wanda ya iya ajami zuwa boko, ya aika ta WhatsApp. Malamin ƙauye ya saurara, ya gwada a ajinsa, sa'an nan ya mai da jawabin abin da ya gagare shi.

Abin Da Maƙwabta Suka Gani

Maƙwabtanmu na Nijar sun yi wani gwaji cikin ƙauyuka 160 na jihohin Maraɗi da Damagaram. A waɗansu ƙauyukan da ke da ajin manya, kowane mako sai a buga waya ga malami, da mai gari, da waɗansu ɗalibai, a tambayi yadda karatu ke tafiya. Ba a ƙara wa kowa ko anini ba. Da aka yi jarrabawa, sai ga shi ɗaliban ƙauyukan da a ke kira sun fi sauran a karatu da lissafi. Gaskiya wannan dubawa ce, ba kos ba, amma ta nuna mana inda maganin ya ke. Malamin da ya san akwai mai tunawa da shi kowane mako, ba ya sakin aikinsa.

Amma kada a dogara ga waya kaɗai. Cikin Satumba 2021 Gwamnati ta rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba mai kiran wani. Da a ce dukan kos yana kan intanet, da ya mutu ran nan. Ban da haka, ba kowane malami ke da babbar waya ba, ga kuɗin data, ga cajin da sai an biya mai sola a kasuwa.

Tukunya dai ba ta zama sai bisa duwatsu uku. Na ɗaya, littafin jagora cikin Hausa, wanda malami zai riƙe ko da wuta ko babu. Na biyu, shirin rediyo na malaman manya a rana ɗaya tsayayya, gama rediyo ba ya jiran sabis. Na uku, waya, da mutum ɗaya sananne wanda aikinsa ne ya kira malamansa kowane mako. Darussan murya kuma a zuba su a memori, a aika ranar kasuwa.

Muna jawo hankalin hukumar yaƙi da jahilci ta Jiha, da Hukumar Ilmin Manya ta Ƙasa wadda aka kafa cikin 1990, su dubi wannan al'amari. A fara shiri tun da kaka, don rani ne lokacin da manomi ke samun sukunin zama aji. A kuma biya malami alawus ɗinsa a kan kari, a ba shi takardar shaida in ya gama kos. Sarakuna da hakimai su ma da nasu aikin, gama a Nijar har mai gari a ke kira. Mutumin Gidan Goga da ya iya karanta takardar asibiti da saƙon banki da kansa, ba mai cutarsa da sauƙi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa a gyara, amin.